Ɗigon Shuɗi a Ƙofofin Fagge

Shekara biyar ke nan cif da muka sa Baffa Hamza a makwancinsa, kuma har yau in an ambaci sunansa a Fagge sai ka ga an dubi juna, wani ya yi gyaran murya, a sake zance. Abin da ake faɗa a kansa kowa ya sani: wai shi ne ya bi ƙofofi ya yi musu alama da shuɗin fenti don 'yan Kudu su gane gidajen da za su cinna wa wuta, a kwanakin nan da Fagge da Sabon Gari suka afka wa juna. Ni 'yar wansa ce. Na san wanda ya yi alamar, na san dalilin yin ta, kuma shekara biyar ina riƙe da bakina. Masu karatu su yi haƙuri da ni in zancen ya zo a karkace.

Ba wanda ya koya wa Baffa zane. Aikinsa buga lamba a jikin buhunan gyaɗa a wani sito kusa da tashar jirgi, sai ya riƙa dawowa gida da ragowar fenti a gindin gwangwani, wanda aka ce a zubar. Ya tauna kan asuwaki har ya yi laushi, shi ne burushinsa. Allonsa kuwa falankin akwatin ganyen shayi. Da farko dariya ake yi masa, a ce mutum da gemunsa ya koma wasan yara. Ya je ya tambayi malaminsa, malamin ya ce ya dai nisanci siffanta abu mai rai. Tun daga nan bai taɓa zana mutum ko tsuntsu ba. Gari yake zanawa, da itatuwa, da ruwa.

Wannan ne ya haɗa shi da mutanen Sabon Gari. Akwai wata Ibo mai sayar da atamfa a kasuwa, ana ce mata Maman Emeka, ta daɗe a Kano rabonta da gida. Ta ga hoton ganuwa da ya yi, ta tambaye shi ko zai iya zana mata ƙauyensu. Ya ce bai taɓa wuce Zariya ba, amma in ta faɗa zai ji. Tana awon yadi tana kwatanta masa, shi kuma yana tsugune yana saurare. Sau uku yana kawowa tana mayar masa. Itacen manja ya fito giginya sak, kogin kuwa ta ce wannan ai rafin wanki ne, nasu ba a hango gaɓar ƙetare. Da na huɗun ya zo ta ƙare masa kallo, sai ta ce to ina mutanen garin.

"Duk suna Sabon Gari suna ciniki," in ji Baffa.

Ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin zanenta. Kafin wata ya zagayo 'yan garinsu sun fara nemansa, kowa da ƙauyen da yake so a dawo masa da shi a kan falanki.

Bai taɓa karɓar ko anini ba. Farashinsa ɗaya ne: wanda ya ɗauki hoto zai riƙa kai abinci, garin rogo ko dawa ko kwalbar manja, wani gida inda ake da mara lafiya ko tsohuwar da ba ta da kowa. Cewa yake kuɗi in ya biyo ta hannunsa zai manne masa kamar fenti. Sai dai lungunan Fagge ba su da lamba. Baƙo in ya ɓata sai ya yi tambaya, in ya yi tambaya kuwa ya tona asirin wanda aka je rufa wa asiri.

Ni na kawo dabara. Ina hutun makarantar kwana a lokacin, shekarata goma sha shida, ina ji da kaina wai na karanta taswira. Na ce a ɗiga shuɗi girman kwabo a saman ƙyaure, mai kawo abinci ya gani ya ajiye ya wuce. Baffa ya ce lallai boko ya yi rana, daga ranar ya sa mini suna Malama. Da yake namiji ba ya shiga gidajen mutane, ni nake shiga, ni nake ganin murhun da ya kwana biyu ba a hura shi ba, ni nake ɗigawa in zan fito. Da wannan yatsan da ke riƙe da alƙalami yanzu.

Ba zan ba da labarin kwanakin tashin hankalin ba. Wanda ya gani ba ya bukata, wanda bai gani ba Allah kada ya nuna masa. Abin da ya shafe mu shi ne gidaje uku masu shuɗi sun ƙone. Yau na san dalili: gidajen talakawa ne masu dangar zana da jinkar bunu, a bakin unguwa ta wajen Sabon Gari, su wuta za ta fara samu ko da alama ko babu. Amma a ranar ba mai wannan tunanin. Mutane sun binne 'yan'uwansu, suna neman inda za su sauke abin da ke cin ransu. Sai wani ya tuna yana ganin 'yan Kudu suna zuwa waɗannan ƙofofi duk mako, suna ɗaga kai suna duba sama. Wani kuma ya tuna wa ke da shuɗin fenti a unguwa. Magana zarar bunu.

Da hantsi suka zo gidan Baffa. Ina bayan ƙofar zaure na biyu, gwangwanin shuɗin yana cikin aduduna. Na san muryoyinsu duka, akwai wanda har gobe nake durƙusawa in gaishe shi in zan tafi aiki. Suka tambayi Baffa wa ya yi alamar.

"Duk shuɗin da ke Fagge nawa ne," ya ce.

Ya fara yi musu bayanin abincin, suka ce ya faɗi sunayen waɗanda ake kai wa, su zo su shaida. Ya ce ba zai tsayar da tsofaffi a gaban jama'a, a rana irin wannan, su ce 'yan Kudu ne ke ciyar da su ba. Sai suka fita da shi waje. Taku huɗu ne tsakanina da ƙofar, ban yi ko ɗaya ba. Ina jin saukar sanda, ina cusa mayafi a bakina don kada a ji numfashina.

Kwana tara ya yi yana jinya kafin ya cika. Ranar da ya ɗan dawo hayyacinsa ya yafito ni, ya ce, "Malama, ki kama bakinki sai gari ya huce." Na riƙe farkon maganar gam, ƙarshenta kuwa na yi kamar ban ji ba.

To, gari ya huce? Yau in ka tsaya wajen kantin takalma na Bata za ka ga Bahaushe da Ibo suna ja-in-ja a kan farashin kwano, su rabu suna dariya. Kowa zancen mulkin kai yake yi, ana cewa ƙasa ɗaya za mu zama in Turawa sun tafi. Nakan ce da a ce Baffa na nan da ya yi murna, ya ce kasuwarsa ta buɗe. Wani lokacin kuma nakan ce a'a, da ya lura cewa yanzu ba wata Ibo da ke shiga lungunan Fagge da kwalbar manja, kuma ba wanda ya tambaya me tsofaffin nan suke ci. Ni dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. In na bi ta wajen masu bugun rini na ji dukan itace a kan itace, sai in nemi dakali in zauna.

Da haka zan ci gaba har tsufa, ba don Binta ba. 'Yar autar Baffa ce, shekararta tara, tana ajin da nake koyarwa a makarantar 'yan mata. Watan jiya ta same ni bayan an tashi, ta ce yara suna ce mata 'yar mai alama, ta tambaye ni da gaske babanta ne ya nuna gidajen da za a ƙone. Na ce ta ɗauki jakarta mu tafi, rana na yi. Amsar da na ba marainiya ke nan.

Bayan mako guda na tsallaka Sabon Gari, karo na farko tun wancan lokaci. Maman Emeka tana nan a rumfarta, ta yi furfura. Ta ɗaga turamen atamfa ta zaro falankin ƙauyensu daga ƙasa, a naɗe cikin tsumma. Hotunansa da ke gida duk an ƙone su, an ce su suka jawo masa, wannan kaɗai na san ya rage. Na roƙe ta ta zo Fagge ta faɗi abin da ta biya.

"'Yata, wa zai yarda da ni a can? In na zo ma ƙara masa laifi zan yi. Ke ce 'yar gida."

Shi ya sa na rubuto. Baffa Hamza bai nuna gidan kowa don a ƙone ba. Abinci ake kai wa waɗannan ƙofofi, ladan zanensa ne, dabarar shuɗin tawa ce, hannun ma nawa ne. Na san za a karanta wannan a bakin rumfunan teloli, kuma ta nan hanyata take kullum da safe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na auna abin da ya rage na Baffa, ban samu da yawa ba: falanki ɗaya a ƙarƙashin atamfa, da wasu tsofaffi da suka ci suka ƙoshi na ɗan lokaci ba tare da an ga fuskarsu ba. Ko wannan ya kai ran mutum, Allah ne masani. Sai kuma sunansa, wanda shi kaɗai 'ya'yansa suka gada.

Jiya na zaunar da Binta na gaya mata komai, don kada ta ji a bakin wani. Ta daɗe tana kallon yatsana. Ba ta yi kuka ba.

"To Yaya, me ya sa kika bari aka doke shi?"

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya sa abin da ka ciyar ya tsaya maka. Ni kuma a roƙa mini gafara, don har yanzu ban amsa mata ba.

Hajara, Fagge