Randar Mushtari ta Pak Sahnan

Kowace safiya Pak Sahnan, wato Malam Sahnan a harshenmu, yakan jingine babur ɗinsa a gindin mangwaro, ya leƙa randar da ke ƙofar aji kafin ya gaida kowa. Malamin lissafi ne a sakandaren ƙauyenmu na maginan tukwane a tsibirin Lombok, kuma a ƙarshen wannan wata zai ajiye alli.

Randar nan Inaq Rumisah, wato Inna Rumisah maginiyar tukwane, ita ce ta gina masa tun yana sabon malami, zagayayya kamar ƙwallo, tare da wani ɗan ƙoƙon yumɓu mai irin siffarta. Faɗin randar ya ninka na ƙoƙon sau goma sha ɗaya. Ƙoƙon shi ne duniyarmu, randar kuwa Mushtari, babbar cikin duniyoyin da ke kewaya rana.

Duk shekara yakan tambayi sababbin ɗalibai, "Ƙoƙo nawa zai cika ta?"

"Goma sha ɗaya mana, Pak Guru!" in ji yaran, don haka muke kiran malami.

"To, bismillah, ku ɗebo ruwa."

Sai hannu ya yi tsami, an haura dubu randa ba ta cika ba, sannan ya je allo: sha ɗaya sau sha ɗaya sau sha ɗaya. Faɗi da tsawo da zurfi, kowanne yana cin rabonsa. Mu da muka sha wannan wahala har yau ba mu manta ba, don gani ya kori ji.

Bara zazzaɓin sauro ya kwantar da yara, jami'ar lafiya ta zo ta ce duk mazubin ruwa a kife shi ko a fasa. Randar ta yi nauyin kifewa, gindinta ma a dashe yake da siminti.

"Pak, duniyarka gidan sauro ce," in ji ta.

"Gaskiyarki, Bu," ya ce, wato Malama. "Ki ba ni zuwa Juma'a."

Bai yi gardama ba, don yaran da ke kwance ɗalibansa ne. Amma ya ji tsoro ƙwarai, ya ga ajinsa na ƙarshe zai fita da lamba a ka, ba su taɓa ta da hannu ba. Ranar Juma'a jami'ar ta dawo da mai guduma, ta leƙa, ta ga ƙananan kifaye biyu da Pak Sahnan ya saka a ciki suna cinye 'ya'yan sauro. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa mai guduma ya je ya sha kofi.

Kai ne, Pak Guru, ka sa 'ya'yan masu tukwane suka auna sararin samaniya da yumɓun garinsu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Wadda za ta gaje ka, Bu Ratmini, ita ma ta taɓa ihun "goma sha ɗaya" a wannan ƙofa. Ke da sauran malamai, ku bar yara su jiƙa hannu kafin ku ba su amsa. Kuma a riƙa ciyar da kifayen, don su ke riƙe da Mushtari.