Gaurakar Shika da Madubin Safiyo

Samaru, ƙarfe shida saura kwata

Ina idar da sallar asuba ranar Asabar na rataya jaka na fito. Duk manyan matafiyan da na karanta labarinsu da asuba suke tashi, ban ga dalilin da zai sa malamin labarin ƙasa ya gaza su ba, ko da kuwa tafiyar tasa Sabon Gari ce, kilomita goma da 'yan kai.

Ga abin da ya fito da ni. Makonni biyu da suka wuce ina bakin wata fadama bayan Shika, na hango gauraka can ƙetaren ruwa, tsaye cikin shinkafa da tukkunta. Shekara ashirin ina kallon tsuntsaye da tsirarar ido, ban taɓa cin karo da ita ba. Na koma sau biyu, tana nan inda na bar ta, na ce lallai tsuntsuwar sarauta akwai natsuwa. Ranar Litinin na ba da labari a ɗakin malamai. Kafin Laraba an raɗa mini suna Malam Gauraka, har ɗalibai sun fara jiyowa. Malama Rifkatu, mai koyar da ilimin halittu, ita ta yanke hukunci: ko in nuna mata tsuntsuwar ta gani da idonta, ko sunan ya raka ni fansho. Shi ya sa nake neman madubin hangen nesa na hannu, wanda dubu arba'in za ta iya saye.

Na iske Malama Rifkatu bakin titi da lemarta.

"Malam, wane kanti ne ke buɗewa yanzu?"

"Da sanyin safiya ake kama fara, Malama."

"Au, fara ce kuma? Na zaci gauraka ce."

Kwangila zuwa PZ

Bas ɗin ta tashi shida da minti biyar, ɗari huɗu-huɗu, mutum huɗu a kujerar mutum uku. A Kwangila direba ya tsaya cikon fasinja na minti ashirin, yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Mun sauka PZ bakwai saura kwata, muka tarar da kowane kanti da kwaɗonsa. Sai tara ake buɗewa. Muka sha koko da ƙosai na ɗari takwas, ni na biya, don Malama ta ce alƙali ba ya ciyar da kansa.

Sabon Gari, ƙarfe tara da rabi

Kanti uku muka shiga. Na farko ya ba mu madubin roba na wasan yara. Na biyu ya ce mu dawo jibi, wanda a yaren kasuwa ke nufin kada mu dawo. Na uku na Oga Sande ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta rabin ɗalibaina. Tsofaffin kamarori ne a kantin, da rediyoyi, da agogunan bango kowanne da lokacinsa.

Ya ciro mana na ainihi, kore, ɗan Belgium. Na haska fitilar waya ta babban gilashin kamar yadda masana ke cewa a yi, sai ga funfuna ta yi rassa a ciki.

"Nawa?"

"Dubu ɗari da tamanin, don kai malami ne."

"Da funfunar?"

"Funfunar kyauta ce."

Da ya ji abin da ke aljihuna, ya daɗe yana dubana kamar mai shirin yi mini ta'aziyya. Can ya shiga ciki ya jawo wani akwatin katako. Madubin safiyo ne na awon ƙasa, rawaya, da ƙafafunsa uku, gilashin garau. Muka kafa shi ƙofar kanti, na leƙa. Ga wani mai keke can ƙarshen layi, har ina ƙirga wayoyin tayarsa, sai dai kansa na ƙasa, tayoyin na sama.

"Oga, wannan ai a kife yake nuna duniya."

"Haka na zamanin da suke. To, Malam, tsuntsu za ka kalla ko awo za ka yi? Wanda ke yawo a iska ina ruwansa da sama da ƙasa?"

Na tambayi kuɗinsa. Muka daidaita a dubu talatin da biyar.

Hanyar Shika, sha ɗaya da kwata

Keke mai ƙafa uku muka ɗauka shata, ƙafafun madubin sun leƙo waje kamu ɗaya. Mun wuce Samaru kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya ƙwanƙwasa akwatin.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Na kallon tsuntsaye ne, ranka ya daɗe."

"Ka kalle su ka yi me da su?"

Tambayar da matata ke yi mini ke nan shekara ashirin. Na ce ya leƙa da kansa. Ya saita abokin aikinsa da ke can gaba, ya ƙyalƙyale da dariya. "Kofur, ga ka nan ka yi adungure!" Sai da kowannensu ya ga ɗan'uwansa a kife suka sallame mu.

Bakin fadama, sha biyu daidai

Tana nan. Na kafa madubin, na ce Malama ta fara, tunda ita ce alƙali. Ta leƙa, ta karkata kai, ta ƙara karkatawa har ɗankwalinta ya zame.

"Malam, ƙafa nawa gauraka take da shi?"

"Biyu. Takan ɗage ɗaya."

"Wannan ta ɗage ɗayar tun bara."

Kafin in leƙa muka ji ihu. Wani dattijo ne ya ratso ruwa har gwiwa, da fartanya a kafaɗa.

"Wa ya aiko ku ku auna mini gona? Gonar nan tun kakana! Duk wanda ya kafa wannan abin mai ƙafa uku, bayansa sai turaku, bayan turaku sai katafila!"

Malama ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, ba safiyo ba ne, malamin makaranta ne. Ko filin kansa bai da shi."

Wannan shaida ta kwantar masa da hankali fiye da yadda na so. Na nuna masa ƙetare, na ce gauraka muka zo gani.

"Waccan? Ai ni na yi ta. Sanda ce da tsohuwar rigata, da tsintsiya a ka."

Ya ce haka ya ga mahaifinsa na yi, wai tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa ba sa sauka inda babbar tsuntsuwa ke tsaye. Ta gaske kuwa, rabonsa da jin kukanta tun yana kiwon awaki. Sai ya ce a ba shi ya gani. Ya leƙa, ya ɗago.

"Ko a kife ta yi kyau. Kai ne mutum na farko da ya yaba aikina, Malam. Sauran duk tsuntsaye ne."

Samaru, biyu da rabi

A hanyar dawowa na roƙi Malama ta sassauta hukunci. Ta ce ranar Litinin gaskiya kawai za ta faɗa: na ga abin da aka yi shi don a gani, kuma dubban jan-baki suna bayana. Sunan dai ya zauna, na ma fara gwada amsa shi a zuci don ya saba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Oga Sande, da Baba mai shinkafa, wanda ya ba ni izinin kafa madubina bakin gonarsa duk Asabar, da sharaɗin in riƙa tsayawa inda jan-baki za su gan ni.