Tabaraun Yaya

Shekara talatin da ɗaya mai gwajin ido ya yi a ɗan ɗakinsa na bayan shagon tabarau, tsakanin allon haruffa da akwatin gilasai. Mutum ne mai jan rai. Sai ya ɗora maka gilashi, ya cire, ya ɗora wani, yana tambaya, "Wannan ya fi, ko na ɗazu?" har ka gaji ka ce duk ɗaya ne. Shi kuwa bai taɓa yarda duk ɗaya ne ba.

Daga baya mai shagon ya sayo na'ura. Ka ɗora haɓa, ka leƙa ciki, kafin ka ƙifta ido ta tofo takarda da lambobi. Da farko ya raina ta. Da gwiwa ta fara ciwo, layi kuma ya yi tsawo, sai ya koma ba shi da abokiyar shawara sai ita.

A lokacin ne yayarsa ta zo. Tela ce, ita ta raine shi, kuma har ya yi furfura Auta take kiransa. Da girma ya hana ta ganin kusa, 'ya'yanta suka kai ta aka yi mata aikin ido da hasken leza. Ta samu sauƙi, sai dai da yamma ɗinki yakan gauraye mata. Ɗan ƙarin gilashi kawai take nema.

Ya san sarai idon da aka yi wa wannan aiki yakan ruɗi na'ura, domin an sassaƙe shi ne tsakiya daban, gefe daban, ita kuwa lamba ɗaya take bayarwa. Irin wannan ido sai an zauna an gwada da hannu. Amma ranar mutum tara ne a benci, yayarsa kuma ta gida ce, ba za ta yi ƙorafi ba. Ya sa ta leƙa na'ura, ya yagi takardar ya miƙa wa mai yanka gilashi.

Bayan kwana uku ta dawo. "Auta, abin nan juya min kai yake. Zare biyu nake gani."

"Yaya, ai sabo ne. Ki ba shi sati biyu, ido zai saba."

Abin da suke gaya wa kowa ke nan a shagon. Ta ba shi sati biyu, ta ƙara masa wata biyu. Ta ɓata wa mutane riguna, ta daina karɓar aiki. Ba ta sake tayar da maganar ba, don a wurinta ƙaninta ba ya kuskure, idonta ne ya ƙare.

Sai da ya kai mata ziyara bayan wata biyar ya ga inda keken ɗinkinta yake zama wayam, sai shatin ƙafafunsa a kan leda. Nan take ya tuna da takardar na'ura. Washegari ya zaunar da ita, ya yi minti arba'in yana gwadawa da hannu. Lambarsa da ta na'ura ko kusa ba su haɗu ba. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Da gilashin gwajin a fuskarta, ya miƙa mata allura da zare. Karo ɗaya ta zura, ta daɗe tana kallon zaren.

"Gobe zan je in karɓo miki keken," in ji shi.

"A hannun wa? 'Yar maƙwabta na ba, da shi take ciyar da yaranta." Ta zare zaren a hankali, ta ajiye masa allurar a tafin hannu. "Da ka ce min ba ka da lokaci ranar, Auta, ai da na jira."