Barira da Sunayen 'Ya'yan Fari

Barira ta shekara tara tana shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a wani ƙaramin asibiti a Lafiya, kuma ba ta ɗaukar raini, ko na na'ura. Ran nan ta fitar da rahoton wata, ya nuna wai yara talatin ba su dawo rigakafi ba. Oga ya ce ta nemo su ko ta bar kujerar.

Da ta bincika, ashe duk 'ya'yan fari ne. Iyaye mata na kunyar faɗin sunansu, yau su ce Babangida, gobe Yaro, kowane zuwa sai a buɗe wa yaron sabon fayil.

"'Yar'uwa, riƙe kunyarki," in ji Barira ga kowace uwa da ta zo. "Ni zan karanto sunan, ke dai gyaɗa kai."

Talatin ɗin nan suka fito cif, ashe duk an yi musu rigakafin da wasu sunaye. Oga ya haɗiye maganarsa ko ruwa babu.