Malam Attahiru da Ƙarfen Turken Rago

Kafin rana ta leƙo tashar Kalgo, Malam Attahiru makaniki ya riga ya share gindin tsamiyarsa. Yakan shimfiɗa buhu, ya jera sufanu daga babba zuwa ƙarami, sannan ya zauna da ƙwaryar kununsa yana sauraren motocin da ke shigowa. Tun mota ba ta bayyana ba sai ka ji ya ce, "Ta Sambo ce, kuma yau ma bai duba mata ruwa ba." Yanzu idanunsa sun fara hazo, ya ce bayan babbar salla zai naɗe buhunsa ya koma gida Gwandu. Shi ya sa na yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Ban san ƙarfe ba. Abin da waɗanda suka gani suka shaida shi zan faɗa, in na yi tuntuɓe a yafe mini.

A ƙauyen Maruda a-kori-kura ɗaya ce tak, ta Namadi. Bara, bayan shekarun farin nan da suka kusa gama da mutane, Allah ya ba da albasa a fadama. An haƙe, an tara tsibi-tsibi an rufe da kara, sai injin motar ya buga. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa kuma ya san abin da ruwan farko ke yi wa albasar da ke kwance a ƙasa. Namadi ya samo wani inji daga Sakkwato, na ƙaramar mota, kamfaninsu ɗaya da tasa, aka jawo motar har gindin tsamiya.

Malam Attahiru ya zagaya bayan injin, ya bi filawil da babban yatsa. Filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai haƙora a baki, wanda sitata ke cizo ta tayar da inji, kuloci kuma ya kwanta a fuskarsa. Wannan ya yi ƙanƙanta. Sitatar a-kori-kura ba ta kai ga haƙoransa, kulocinta kuma ya fi shi faɗi.

"Namadi, ina na tsohon injin? Shi ka shiga nan daidai."

Namadi ya sosa ƙeya. Ashe da injin ya mutu ya warware shi a gida, ya kai wa Bawa maƙeri faifan kyauta, ko ya fitar da fartanya. Bawa kuwa shi ne mahaifin matarsa Tasalla.

"To tahi ka amso."

"Haba Malam! In tsaya gaban surukina in ce ba ni kyautata? Da wane baki? Ka huda wanga, ka yi mai walda, ka matsa shi shi zauna."

"Shina zama," in ji Malam Attahiru. "In an tura ma tana tashi. Amma ka san ina yaka juyawa? Dab da ƙahwahunka. Ran da ka ɗauko lodi ka hau tudu ya hwashe, ba albasa kaɗai za a kwasa ba."

Namadi ya juya yana duban gabas.

Kai ne, Malam Attahiru, ba ka yi masa dariya ba, ba ka ce kunya wauta ce ba. Ka san kunyar suruki ita ma noti ce, in aka kwance ta da ƙarfi gida ke girgiza. Kuma ba ka yarda ka ɗora mutum a kan ƙarfen da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Sai ka rufe buhunka da rana tsaka, ka naɗe ƙaramin filawil a tsumma, ka shiga motar kasuwa zuwa Gwandu, daga nan ka ari keke zuwa Maruda.

Waɗanda ke zaune a maƙerar Bawa ran nan har yau suna ba da labarin. Bawa ya riga ya gane ƙarfen ba ya ƙiruwa, tsagewa yake yi, don haka ya jefa shi ƙofar maƙera ya ɗaure ragonsa a jiki. Malam Attahiru ya tarar da rago kwance, ya ɗora haɓa a kan abin da gari ke jira.

Aka gaisa, aka sha ruwa.

"Maƙerin Bature, mi ya kawo ka gun maƙerin gaske?" in ji Bawa.

"Musaya. Ina son turken ragonka, ga wani na kawo mai."

Bawa ya juya ƙaramin, ya dube shi ta wutsiyar ido. "Wani ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni."

"Ai wanga bai kai wancan haƙora ba."

"Rago ba shi ƙirga haƙora, Bawa."

Dariya ta kece. Bawa ya durƙusa da kansa ya kwance igiyar. Da ya miƙe sai ya ce, "Ka hwaɗa ma wanda bai aiko ka ba, ni ma ina da albasa hwadama."

Washegari Malam Attahiru ya goge tsatsa, ya ɗaura tsohon filawil a sabon inji, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, Namadi na ta safa da marwa a bayansa. Aka murɗa makulli, sitata ta ciji haƙori, mota ta amsa. Ruwa ya taɓa tsibin ƙarshe, ba zan ɓoye ba, amma mafi yawan albasar Maruda ta fita lafiya, har da ta Bawa. Har yau shi da Namadi ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Ƙaramin filawil yana nan ƙofar maƙera, an yanka wancan ragon an ɗaure wani.

Mun gode, Malam Attahiru, mai kunnen inji. Ka gyara mota ba ka ɓata zumunci ba. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya a Gwandu. Ku kuma da za ku gaji inuwar tsamiyar nan, sufana kowa na iya riƙewa. Amma kafin ku ce "ya zauna", ku tuna ƙafafun wanda zai zauna a kansa.