Baban Dinya da Fitonsa

Kafin sauran ma'aikatan cibiyar binciken cututtukan dabbobi su iso, Baban Dinya ya riga ya wanke kwamin ruwa, ya zuba tsaba, ya tsaya a ƙofar keji yana duban tafiyar kowace dinya. Ba ya shiga sai ya yi wani gajeren fito mai hawa da sauka. Da sun ji, sai su bar kwarmato su taho suna rangaji. Matarsa ta daɗe tana cewa mai furfura bai kamata ya riƙa fito kamar ɗan tasha ba. Amsarsa kullum ita ce, su dai dinyoyin suna jin maganarsa, ba kamar 'ya'yanta ba.

A ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma ya dace a san abin da ya yi.

Murar tsuntsaye tsohuwar cuta ce. A 1878 aka fara bayyana ta a rubuce, a 1996 kuma aka gano zuriyar da ke addabar duniya yau a jikin wata dinyar gona. 'Yata likitar dabbobi ce a cibiyar, ita ta fahimtar da ni cewa garkuwar jiki iri biyu ce: wadda jiki ke koya bayan ya gamu da cuta, da wadda ake ƙyanƙyashe tsuntsu da ita. Ta biyun ce ke fara tarar baƙuwa. A ƙwayoyin jikin dinya akwai wani mai gadi da kaza ba ta da shi, wanda ke shaida cutar ya yi kururuwa, maƙwabta su rufe ƙofa. Sai dai wannan aikin kwanakin farko ne. Wanda bai ɗebi jini a lokacin ba ya makara. Kuma jinin tsuntsun da aka firgita yakan rikita awo.

Shekarar da cutar ta shiga gonar cibiyar, hukuma ta ba da umarnin a hallaka garken duka, kamar yadda doka ta tanada. 'Yata ta roƙi ɗan jinkiri don a ɗebi jini, aka ba ta, bisa sharaɗin kowa ya sa farar rigar kariya da takunkumi da tabarau. Dinyoyin ba su taɓa ganin irin waɗannan halittu ba. Suka tarwatse suna dukan wayar keji da fukafukai. 'Yata ta ce a nan ta fid da rai: za su mutu, kuma ba za a koyi komai daga mutuwarsu ba.

Baban Dinya ya nemi kowa ya ja baya. Ya durƙusa, ya yi fiton ta cikin takunkumi. Bai fita sosai ba, ya sake. Wata tsohuwar dinya mai ɗingishi ta miƙa wuya, ta taho, sauran suka bi ta. Ɗaya bayan ɗaya ya rungume su, ya ɓoye kan kowace a hammatarsa, ya buɗe fiffike.

"Likita, ɗebi a hankali," in ji shi. "Ni na kira su. Kada ya zama na kira su a banza."

Kai ne ka rene su tun suna 'yan tsaki, Baba, ka kuma san abin da ke jiransu bayan allurar. Duk da haka ka ci gaba da riƙe su har aka gama.

Jinin ya aunu lafiya. A cikinsa aka ga bambanci tsakanin dinyoyin da garkuwarsu ta tashi da wuri da waɗanda tasu ta yi nawa, kuma ana ci gaba da binciken da fatan a kai ga kiwon masu juriya.

Da aka kawo sabon garke, sai ya ɗauki wata ɗabi'a: lokaci-lokaci yakan shiga keji cikin farar rigar alhali babu cuta, domin su saba da ita. Duk mai kiwo ya yi koyi da wannan, ya shirya wa ranar tsoro tun ana zaman lafiya.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. 'Yata ta ce jiya matar da za ta gaje ka ta gwada fiton, dinyoyin suka tsaya suna dubanka. Ka juya musu baya da gangan, sai suka tafi wurinta.