Kwanon Abdurra'uf

Abdurra'uf ɗan Sundimina ne, gyaran waya yake yi a bakin tashar Birnin Kudu. Ba ya da yawan magana, shi ya sa muke shiri. Ni direba ne, Gwaram nake zuwa.

Da can, in an turo mini saƙo daga ƙungiyarmu ta direbobi, sai sunana Ɗan'azumi ya fito da alamar tambaya a maimakon harafin farko. Abdurra'uf ne ya zauna ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja mai gyara haruffa masu lanƙwasa, irin wadda masu haɗa manhajoji ke ɗauka su cusa cikin nasu. Ya sa ta a intanet da lasisin da ya ce kowa ya ɗauka, ya yi yadda ya ga dama. Mutum biyu suka taya shi: Malam Sabo na Fagam, da Zulkifli.

Sai wani kamfani a Kano ya ɗauka, ya ƙara mata gyara, ya kulle. Abdurra'uf ya nemi ganin gyaran, aka ce sirrin kamfani ne.

"Mahaifiyata, Inna Batulu, ba ta taɓa mayar wa maƙwabta kwano wayam ba," ya ce mini. "Zan sauya lasisin. Wanda ya ɗauka ya gyara ya raba wa mutane, dole ya buɗe gyaransa."

Amma sai duk mai hannu a aikin ya yarda. Ni na kai shi Fagam. Muka tarar da Malam Sabo a gona, ko fartanya bai ajiye ba.

"A kan wannan kuka ƙona mai? Na yarda. Ku kama mini kunya ɗaya kafin ku tafi."

Zulkifli kuwa lokacin ya koma aiki a kamfanin nan. A waya ya ce, "Haba Malam, kyauta da sharaɗi? Ban yarda ba. In ka matsa, manya za su daina amfani da ita."

"Su daina," in ji Abdurra'uf.

Bai ƙara kiransa ba. Ya cire duk layin da Zulkifli ya rubuta, ya sake rubutawa da hannunsa, tsakanin wannan waya da waccan, har damina ta wuce. Sannan ya saki sabuwar da sabon lasisi.

Na tambaye shi tsohuwar da ke hannun kamfanin fa.

"Tasu ce, na riga na bayar," ya ce, yana kwance bayan wata waya. "Wannan kwanon dai, wanda ya ɗauka zai dawo da shi da abu a ciki."